Filin Jirgin Durum: Nazari Kan Ƙofar da Bauchi Ta Buɗe wa Kanta

Shekarar da Allah ya kira Goggo zuwa Makka, ni gida ya ɗora wa rakiya. Lokacin ba a gina filin jirgin Durum ba, maniyyatan Bauchi sai an kwashe su a motoci zuwa wata jiha kafin su sa jirgi a ido. Muka tashi bayan sallar asuba, ita da jakarta da butarta da ƙullin yajin da ta ce abincin Larabawa ba zai shiga ba sai da shi. Aka sauke mu a sansani, aka ce jirgi gobe. Goben nan sai da ta kai kwana huɗu. Tsohuwa ce mai ciwon ƙafa, tabarma ce shimfiɗarta, ga sauro, ga layin banɗaki. A dare na uku na ce mata, "Goggo, ko in nemo miki ɗaki a cikin gari ki ɗan miƙe?" Ta ce, "A'a ɗan nan, in aka kira suna ba na nan fa? Bar ni. Wannan ma cikin aikin ne."

Duk wanda zai ɗora filin jirgin saman Sir Abubakar Tafawa Balewa da ke Durum, a wajen garin Bauchi, a kan sikelin riba da asara, ina so ya fara sanin irin wannan daren. Ni ina cikin waɗanda suka yi murna da gina shi, kuma har gobe ina kan murnata. Sai dai jigilar alhazai makonni ce, zuwa da dawowa, shekara kuwa wata goma sha biyu ce. Abin da ya dame ni, wanda ya sa na zauna wannan nazari, shi ne halin da filin yake ciki a sauran watannin da ba a jin talbiyya a cikinsa.

Hanyar gabas da tsohon fili

Mutanen ƙasar Bauchi sun daɗe suna kallon gabas. Kafin mota, kafin jirgi, alhaji a ƙafa yake fita ko a kan jaki, ya ratsa Borno, ya shiga ƙasar Chadi, ya bi Sudan har bakin Bahar Maliya. Wani ya yi shekara uku, wani bakwai, yana tafe yana ƙwadago, wani kuma can ƙasa ta rufe shi. A Burmi, cikin jihar Gombe ta yau, Turawa suka tare Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a 1903 yana kan hijira zuwa gabas, aka kashe shi a wurin. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da ragowar jama'a har Sudan, inda zuriyarsu take har yau. Don haka in an ce Bauchi da Gombe sun gina filayen jirgi saboda aikin Hajji, tsohuwar hanya ce aka ɗaga ta sama.

Jirgin sama ya fara sauka a Kano a 1925, lokacin da jiragen sojan Ingila suka zo daga Masar. Kano ta zama ƙofar Arewa, kuma daga shekarun 1950 tafiyar Makka ta fara komawa jirgi. Rabon Bauchi a wancan zamani ta ƙasa ya zo mata: layin dogo ya iso Bauchi a 1961, Gombe a 1963, Maiduguri a 1964, duk a zamanin da ɗan Bauchi, Abubakar Tafawa Balewa, yake Firayim Minista. Shi ɗin kuwa ya riƙe ma'aikatar ayyuka a 1952, daga baya ya riƙe ta sufuri. Sa sunansa a filin jirgi ya dace da aikin da ya yi a rayuwarsa.

Da Janar Murtala Muhammed ya ƙirƙiro jihar Bauchi a 1976, abin da babban birnin yake da shi na sauka da tashi shi ne ƙaramin filin nan na cikin gari, wanda har yanzu mutane ke kwatance da shi suna cewa tsohon filin jirgi. Ya yi aikinsa. Ƙananan jirage sun sauka, gwamnoni da ministoci sun tashi. Amma gari ya yi ta matsowa har gidaje suka kewaye shi, ga duwatsun Bauchi, ga gajeren titi. Babu wata dabara da za a yi babban jirgi mai ɗaukar mutum ɗari huɗu ko biyar ya sauka a wurin. Mai son tafiya ta gaske sai ya nufi Jos, ko ya yi tafiyar kimanin kilomita 300 zuwa Kano ta Ningi da Birnin Kudu.

Yadda aka kai ga Durum

A 1 ga Oktoba 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanke Gombe daga Bauchi. Bayan 'yan shekaru, a zamanin Gwamna Muhammad Danjuma Goje, Gombe ta gina nata filin a Lawanti, cikin ƙaramar hukumar Akko, a kan hanyar da ta nufo Bauchi, ya kuma fara aiki a 2008. Wanda bai san Bauchi ba zai ɗauka wannan ƙaramin abu ne. A wurinmu ba ƙarami ba ne. Ƙanwa ta riga yayarta samun abin da yayar ba ta da shi, har ta kai maniyyatan Bauchi suna zuwa tashi daga can. Ban ce kishi ne ya gina Durum ba, amma wanda ya ce ba ya cikin lissafin bai zauna a majalisun hira na garin nan a wancan lokaci ba.

Abu na biyu shi ne gwamnan da ke kan kujera. Malam Isa Yuguda, wanda ya mulki jihar daga 2007 zuwa 2015, ma'aikacin banki ne, kuma ya riƙe muƙamin ministan sufurin jiragen sama daga 2003 zuwa 2005 a gwamnatin Obasanjo. Mutum ne da ya san hukumomin harkar daga ciki, ya san abin da ake nema kafin a yarda babban jirgi ya sauka a wuri. Gwamnatinsa ta zaɓi Durum, a kan hanyar Ningi, bayan an wuce mahaɗar Gubi inda Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa take da mazauninta na dindindin, tafiyar kilomita ashirin da 'yan kai daga gari. A 2014 filin ya fara aiki, maniyyatan jihar kuma suka tashi daga gida.

Zaɓen wurin, a ganina, an yi shi da hankali. Filin jirgi yana son sarari, ba tsauni a gaban titi, ba dogon bene, ba juji da ke tara tsuntsaye, domin tsuntsu ɗaya in ya shiga inji yana iya dawo da jirgi ƙasa. Kuma darasin tsohon fili yana nan: duk inda aka gina, gari zai biyo. Nisan da mutane suka riƙa ƙorafi a kai shi ne kariyar filin, in har gwamnati ta tsare iyakarsa, ba ta bari an yanka filaye an gina har jikin shinge ba. Tsare iyakar kuwa yana tafiya tare da haƙƙin manoman da suka ba da gonakinsu. Su ne maƙwabtan filin na farko, su za su fara ganin shinge ya ɓalle ko dabbobi sun shiga titi, kuma mutumin da yake jin an yi masa adalci ne kawai zai ruga ya faɗa.

Titin sauka da tashin ya zarce kilomita 3. Na sha jin mutane suna cewa tsawon ya yi yawa ga garin da jirgi ɗaya ko biyu ke sauka. Lissafin ba haka yake ba. Fiffiken jirgi iska yake takawa, kuma iska tana yin sako-sako in wuri ya yi tudu ko an yi zafi. Bauchi tana kan tudun kimanin mita 600 daga doron teku, a watannin Maris zuwa Mayu kuma zafi yakan doshi digiri 40. Jirgi irin Boeing 747 da ya cika da alhazai, da kayansu, da man da zai kai shi Jidda ko Madina ba tare da ya tsaya ba, sai ya yi dogon gudu kafin ƙasa ta sake shi. In titi ya gaza, dole a rage mutane ko a rage mai a tsaya wani gari a sha. A shekarun nan kuwa jigila ta faɗo daidai tsakiyar bazara, ga shi tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazai suka koma yin zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, man da ake ɗauka ya ƙaru. A wannan gaɓa waɗanda suka zana titin sun hango abin da masu suka ba su hango ba.

Me "ƙasa da ƙasa" take nufi a nan?

Kalmar tana jikin allo, tana da daɗin faɗa. A aikace, jiragen da ke fita waje kullum a Najeriya daga Legas, Abuja, Kano, Fatakwal da Enugu suke tashi. Filin Bauchi, kamar na Gombe da Dutse da Birnin Kebbi, yana zama na ƙasa da ƙasa ne a lokacin da aka kawo masa jirgin ibada. A makonnin nan wurin yakan cika: jami'an shige da fice suna buga fasfo, kwastan da masu yaƙi da miyagun ƙwayoyi suna duba jaka, ma'aikatan lafiya suna duba katin rigakafi, jami'an hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, da na hukumar jin daɗin alhazai ta jiha suna kiran suna. Maniyyatan Filato ma sun sha zuwa su tashi daga nan. A bakin ƙofa masu abinci, masu canji, masu Keke Napep, kowa yana samun rabonsa.

Ba na ganin wannan abin kunya ne. Abin da nake tsoro shi ne sunan ya sa mu ɗauka aiki ya ƙare. Domin kafin jirgi ɗaya ya sauka lafiya, hukumomi da dama ne ke tsaye a bayansa. NAMA ce ke magana da matuƙi daga hasumiya, take kula da na'urorin da ke nuna masa hanya. NiMet ce ke auna iska da nisan da ido ke iya gani. NCAA ce ke duba ko an cika sharuɗɗa, tana kuma da ikon hana sauka. Sai 'yan kwana-kwana, waɗanda ƙa'idar duniya ta raba su mataki-mataki gwargwadon girman jirgi: 747 yana buƙatar mataki na 9, wato motoci da ruwa da kumfar kashe wuta da ma'aikata masu yawa, dukansu a shirye. Mota ɗaya in ta lalace matakin yana iya sauka, babban jirgi kuma ba zai zo ba, ko da titin yana sheƙi. Haɗa da fitilun titi, da janareto da dizal, da shinge mai tsawon kilomitoci, da yankan ciyawa duk damina. Waɗannan kuɗi ba su san yawan fasinja ba. Jirgi goma ya sauka ko ɗaya, albashin mai hasumiya da man janareto suna nan yadda suke. Wani dattijo a unguwarmu, wanda ya yi kiwon dawaki, da muna wannan magana cewa ya yi, "Malam, sayen doki ai rana ɗaya ne. Harawa da dawa su ne kullum."

Ranar tsani

A Disambar 2015, filin bai cika shekara biyu ba, wani jirgin shata ƙirar Boeing 737 ya taso daga Abuja ya sauka a Durum. Matakalar da ake jingina wa ƙofar jirgi ba ta aiki. Fasinjoji suka sauko ɗaya bayan ɗaya ta tsani irin na magina, manyan mutane da manyan riguna. Wani ya ɗauki hoto, kafin magariba ya zagaye ƙasa a Facebook da Twitter. Gwamnatin Tarayya ta sa a yi bincike, hukumar NCAA kuma ta hukunta kamfanin jirgin.

Ranar na ji ciwo ƙwarai, domin sunan Bauchi ne ake ja a ƙasa. Amma da na huce na ga hoton ya faɗi gaskiyar da rahoto mai shafi ɗari ba zai faɗa ba. An kashe biliyoyin naira an shimfiɗa titi, an gina hasumiya da zauren fasinja, sai ga abin da kuɗinsa bai kai ƙwayar gero cikin buhu ba ya tsayar da komai. Haka kuma abin ya faru ne watanni kaɗan bayan canjin gwamnati, daidai lokacin da farashin ɗanyen mai ya faɗi, jihohi da dama suna fama da biyan albashi. Wannan ita ce cutar ayyukanmu. Gini yana da mai shi, akwai allo, akwai yankan ƙyalle, akwai wanda za a ambata. Gyaran matakala ba ya da mai shi. Ba wanda ya taɓa cin zaɓe saboda ya sayi batirin motar kashe gobara. Mun ga yadda wannan hali ya yi da layin dogon da Tafawa Balewa ya gani ya iso garinsu: tashar tana nan, unguwar ta ci sunanta, jirgin ne babu.

Ina fasinjan yake?

Nan ne zuciyar lamarin. A taswira Bauchi babbar jiha ce mai ƙananan hukumomi 20 da miliyoyin mutane. Amma filin jirgi ba ya cin iyakar jiha, yana cin mutanen da ya fi kusa da su ne. Mutumin Toro ƙafarsa ɗaya tana Jos. Mutumin Azare, Jama'are ko Itas ya fi kusa da Dutse, wadda Gwamna Sule Lamido ya gina wa fili ya fara aiki a shekara ɗaya da namu, in kuma yana son zaɓin jirage da yawa sai ya wuce Kano. Mutumin Kirfi da wani sashe na Alƙaleri, Lawanti ce a gabansa. Tsakanin Bauchi da Gombe kimanin kilomita 150 ne, filin Gombe kuma yana ta ɓangarenmu. Abin da ya rage wa Durum shi ne birnin Bauchi da kewayensa: Dass, Tafawa Balewa, Ganjuwa, Ningi.

A cikin birnin ma, wa ke hawa jirgi? Jami'an gwamnati, 'yan siyasa, malaman jami'a da likitocin asibitin koyarwa masu zuwa taro, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, 'yan kasuwa kaɗan, sai masu biki. Kusan dukansu Abuja suka nufa. Tafiyar da mota ke yi a awa shida ko bakwai ta Jos, jirgi yana yin ta ƙasa da awa ɗaya, ga kuma fargabar hanya da ta tura mutane da dama sama ba don suna da hali ba. Amma kuɗin tikiti ɗaya yana iya haura albashin ƙaramin ma'aikaci na wata. A 2022 farashin man jirgi ya ninka har sau uku ko fiye, a Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kayan gyaran jirgi kuwa da dala ake sayensu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan a kan tikiti yake sauka.

Kamfanin jirgi lissafinsa a fili yake. Boeing 737 yana da kujeru sama da 120. In ya zo da mutum arba'in ya koma da talatin, asara ce tsantsa, kuma ba zai jure ta wata uku ba. Shi ya sa kamfanoni irin su Overland da Max Air da wasunsu suka yi aiki a wannan hanya a lokuta daban-daban, jadawali yana ta sauyawa, yau kullum, gobe sau uku a mako. Daga nan sai abin ya zama zagaye. Jirgi ba ya zuwa kullum saboda fasinja ya yi kaɗan, fasinja kuma yana guje wa jirgin saboda ba shi da tabbas. Ni kaina na taɓa sayen tikiti don in kai mahaifiyata ganin likita a Abuja, muka je fili muka zauna tun hantsi, sai bayan la'asar aka ce an soke tashin. Washegari tun duku-duku muka hau mota. Tun daga ranar, in tafiya ta zama dole, sai na tanadi mota a gefe ko da tikiti yana aljihuna. Na san ba ni kaɗai ba ne, kuma kowane irina kujera ɗaya ce da za ta tafi babu kowa.

Ba Bauchi kaɗai ke cikin wannan hali ba. Shugabannin FAAN, hukumar kula da filayen jiragen sama ta ƙasa, sun sha faɗa a bainar jama'a cewa filaye ƙalilan ne a ƙasar nan ke riƙe kansu, kuɗin Legas da Abuja ne ke ɗaukar nauyin saura. Shi ya sa jihohin da suka gina nasu da ɗoki suka dawo suna roƙon Gwamnatin Tarayya ta karɓa. Gombe ta miƙa nata a zamanin Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya. Miƙawa tana sauke nauyi daga baitulmalin jiha, wannan gaskiya ne, amma ba ta ƙara fasinja ko ɗaya a layin awo.

Abubuwan da ake sa rai da su

Duk taron da aka yi kan filin nan sai an ambaci jigilar kaya. Ina so a yi hattara. Riɗi, gyaɗa, masara, shinkafa, waken suya, abubuwan da muka fi nomawa, kaya ne masu nauyi da ba sa lalacewa da wuri, tirela da jirgin ruwa ne hanyarsu. Jirgin sama yana ɗaukar abin da ke da tsada kuma ba ya jira: nama, ɗanyen kayan lambu, magani. Bauchi tana da dabbobi, ta kuma taɓa samun masana'antar nama da gandun shanu na Galambi. Amma kafin kilo ɗaya na nama ya shiga jirgi zuwa Saudiyya, sai an sami mayanka mai tsafta da ƙasar da za ta saya ta amince da ita, da ɗakin sanyi mai wuta dare da rana, da likitocin dabbobi masu ba da takarda, da mai saye da ya sa hannu. Wannan aikin a cikin gari yake da rugage. Wanda ya fara da gina rumbun kaya a Durum kafin waɗannan, rumbun zai tara ƙura.

Yankari ta fi kusa da zama gaskiya. Daji ne mai faɗin sama da murabba'in kilomita 2,200, an buɗe shi ga masu ziyara a 1962, yana da giwaye, yana da ruwan Wikki mai ɗumi rani da damina, ya kuma dawo hannun jiha a 2006. Ga gandun namun daji na Sumu a Ganjuwa, ga kabarin Tafawa Balewa a cikin gari, ga hawan salla. Iyali daga Legas ko Abuja da za su zo hutun kwana uku suna son abu ɗaya ne: su biya kuɗi wuri guda, su san jirgi zai tashi ranar Juma'a, mota tana jiransu, ɗaki yana da ruwa da wuta, ranar Lahadi kuma jirgi zai mayar da su. In aka iya cika ƙaramin jirgi mai kujera 50 ko 70 da irin waɗannan duk mako, ya fi alƙawarin manyan jiragen da ba su zo ba.

Akwai Kolmani, inda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai a Nuwambar 2022 a kan iyakar Bauchi da Gombe. In aikin ya kankama zai kawo injiniyoyi da 'yan kwangila, amma filayen biyu ne za su raba su. Akwai kuma rundunar ayyuka na musamman ta sojan saman Najeriya da ke da hedikwata a Bauchi, wadda zamanta ya ba gwamnatin tarayya dalilin kanta na son titin ya kasance lafiya.

In da za a tambaye ni, zan ce a daina auna filin da girman jirgin da ya sauka. A nemi kamfani mai ƙananan jirage, a ƙulla yarjejeniya a rubuce, a bayyana ta ga jama'a: jirgi ɗaya kullum a lokaci ɗaya, in kujeru ba su cika ba gwamnati ta cike gurbi zuwa wani adadi, in kamfani ya soke tashi ba dalili ya biya tara. Jihar dama tana kashe kuɗin tafiye-tafiyen jami'anta, tara su wuri guda ne kawai. A kuma zauna da Gombe. Jihohin biyu suna cikin ƙungiyar gwamnonin Arewa maso Gabas, kuma jirgin da zai taso daga Abuja ya sauka Bauchi ya wuce Gombe ya koma, ya fi saurin cika a kan biyu da kowanne ke tafiya rabi. Majalisar dokokin jiha kuwa haƙƙinta ne ta nemi alƙaluma duk shekara: mutum nawa ya tashi, jirgi nawa aka soke, nawa aka samu, nawa aka kashe, a karanta a rediyo kowa ya ji.

Saura hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu takan rufe sararin Arewa har mutum ya kasa hango ƙarshen layinsu. Matuƙi ba ya sauka sai ya ga titi daga wani nisa da ƙa'ida ta yanka, kuma wannan nisan yana raguwa ne kawai in filin yana da na'urar da ke jagorantar jirgi har kusa da ƙasa, tana aiki, an kuma auna daidaitonta a kan lokaci da jirgi na musamman. Tun da aka buɗe Durum, jigilar alhazai ba ta taɓa haɗuwa da hazo ba: a 2014 a Satumba aka yi ta, a 2025 a Mayu. Amma kalandar Musulunci tana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara. Zuwa 2035 tsayuwar Arfa za ta faɗo a Fabrairu, ma'ana a Janairu za a kwashi maniyyata, tsakiyar hunturu, kuma za a yi shekaru a jere ana haka. Jirgin da ya kasa sauka a Durum zai juya Kano ko Abuja, Saudiyya kuma tana da ranar da take rufe ƙofa ga jiragen maniyyata, ba ta ɗagawa don Bauchi. In na'urar ba ta tsaya da ƙafarta ba kafin lokacin, tsofaffi irin Goggo za su sake shimfiɗa tabarma suna jiran jirgin gobe, wannan karon a cikin sanyi, a sansanin garinsu.